Sharhin Murya a Kan Fim: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Koyo da Mai Neman Dariya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu sha'awar harkar fim da zarar an ambaci sharhin murya. Na fara da masu sauƙi, na gangara zuwa na masu son shiga sana'ar. Zaɓin finafinan nawa ne, kuma inda ra'ayi ne na faɗa a matsayin ra'ayi.

Mene ne sharhin murya, kuma me ya raba shi da sharhin fim da muka saba karantawa?

Wani layin sauti ne na daban da ake ɗorawa a kan fim tun daga farkonsa har ƙarshensa. Hoto yana tafiya yadda yake, sai a rage ƙarar maganar jarumai da kiɗa, a ɗago muryar wani mutum, ko wasu mutane, da ke kallo suna bayani. Mai maganar kan zama daraktan, ko marubucin labarin, ko mai ɗaukar hoto, ko jarumai, ko wani masanin tarihin fim da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi ɗaukar.

Mai sharhi a jarida ya gama kallo ne ya koma gida ya yanke hukunci. Nan kuwa magana da hoto tare suke tafiya. Idan mai bayanin ya ce ka lura da inuwar da ke bango, inuwar tana gabanka a daidai wannan daƙiƙar, ba sai ka tuno ta ba.

Yaushe aka fara yin sa?

A 1984, lokacin da kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da King Kong na 1933 a kan laserdisc, wani faifai mai faɗin santimita 30 da ya riga DVD zuwa. Faifan yana da hanyoyin sauti biyu, tsohon fim kuma ɗaya ta ishe shi, sai aka ba masanin tarihin fim Ronald Haver ɗayar ya yi ta bayani. Abin ya zauna a hannun 'yan tsirarun masu tara faifai har DVD ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1997. DVD yana ɗaukar layin sauti har takwas, kuma ɗaukar muryar mutum biyu a ɗaki ba ta da tsada, don haka kamfanoni suka mayar da sharhi abin jan mai saye. Yawancin waɗanda zan ambata a ƙasa a shekaru goma na farkon DVD aka naɗe su.

Ban taɓa sauraron ko ɗaya ba. Da wanne zan fara?

Da na Roger Ebert a kan Citizen Kane na 1941. Marigayi Ebert ɗan jarida ne da ya yi sharhin finafinai a Chicago, ya kuma shafe shekaru yana zama da jama'a ana kallon fim ana tsayar da shi fitowa bayan fitowa ana tattaunawa, shi ya sa bakinsa ya saba da nuna abu a kan lokaci. Ba ya barin shiru mai tsawo, ba ya kuma yi maka lacca da manyan kalmomi.

Ga misalin irin abin da za ka samu. Akwai fitowar da Kane ya karye, yana sa hannu a takardar miƙa ragamar kamfanoninsa. A bayan ɗakin akwai tagogi da ido ke ɗauka irin na kowane ofis ne. Sai Kane ya tashi ya taka zuwa wajensu, yana tafiya yana ƙanƙancewa, har ya isa ka ga ashe gindin tagar ma ya fi kansa tsawo. Mutumin da ya cika allo ɗazu ya koma ɗan mitsitsi, ba tare da kowa ya furta cewa girmansa ya zube ba. Na kalli fim ɗin sau biyu ban lura ba, sai da Ebert ya nuna. Haka yake bi da kai ta kan aikin mai ɗaukar hoto Gregg Toland: yadda na kusa da na nesa duk suke fitowa tar a hoto ɗaya, da rufin ɗakunan da aka yi da yadi domin a ɓoye makirfo a samansa.

In ka ji daɗinsa, yana da wasu a kan Casablanca da Dark City da Floating Weeds na Yasujiro Ozu. Wani abin tausayi: bayan ciwon daji ya raba shi da muryarsa a 2006, daga waɗannan sharhunan ne wani kamfani mai suna CereProc ya tattara sauti ya ƙera masa muryar kwamfuta mai kama da tasa.

Da gaske mutum zai iya koyon yin fim ta wannan hanya?

Zai koyi rabin aikin, rabin da ya fi wuyar samu a littafi. Darakta Paul Thomas Anderson, wanda ya bar makarantar koyon fim bayan kwana biyu da shiga, ya taɓa cewa abin da ke cikin sharhin darakta John Sturges a kan fim ɗinsa Bad Day at Black Rock ya fi abin da makaranta za ta ba mutum. Akwai zuzutawa a maganar, amma akwai gaskiya.

Abin da sharhi mai kyau ke koyarwa shi ne dalili. Me ya sa aka ajiye kyamara nan ba can ba, me ya sa aka yanke a wannan kalmar, me ya tilasta aka sauya shiri ranar da rana ta faɗi ba a gama ba. Fim da aka gama yana ɓoye duk wannan, sai ka ɗauka haka ya faɗo daga sama. Abin da sharhi ba zai ba ka ba shi ne hannu: riƙe kyamara, lallashin jarumin da ya gaji, zama gaban kwamfuta ana tacewa har asuba. Wannan sai an yi. Don yadda za ka ci moriyar sauraron, duba tambayar da ke magana a kan tsarin saurare a ƙasa.

Ba ni da kuɗi ko kayan aiki. Wane sharhi ne ya dace da irina?

El Mariachi na Robert Rodriguez, 1992. Ya yi fim ɗin a garin Ciudad Acuña na Meziko da kusan dala 7,000, wani ɓangare na kuɗin kuma ya same shi ne ta hanyar ba da jikinsa a gwada sababbin magunguna. Sharhinsa kusan lissafi ne na yadda ake rufe talauci da dabara. Kyamarar da ya aro tana da ƙara, ba a iya ɗaukar sauti tare da hoto, don haka sai ya ɗauki hoton, ya ajiye kyamara, ya sa jarumin ya maimaita maganarsa a rikoda. Wajen haɗawa, duk inda leɓe da murya suka fara saɓawa sai ya yanke ya nuna wani abu, kare ko hannu ko fuskar mai sauraro. Saurin yanka da mutane suka yaba a matsayin salo, asalinsa faci ne. Keken guragu ya hau aka tura shi a madadin keken kyamara, kuma yawancin fitowa sau ɗaya aka ɗauke ta domin kowane ƙarin ɗauka kuɗi ne.

Ka haɗa da Following na Christopher Nolan, 1998, wanda aka riƙa ɗauka a ƙarshen mako-mako na kusan shekara guda domin kowa yana da aikin da yake ci da shi, cikin baƙi da fari, mafi yawa da hasken taga. Gargaɗi ɗaya game da lissafin Rodriguez: dala 7,000 ta kai shi ne ga fim a kaset. Kamfanin Columbia da ya saya ya kashe ninkin-ba-ninkin wannan kafin fim ɗin ya cancanci shiga sinima.

A cikin manyan daraktoci, su wa suka iya bayani?

Francis Ford Coppola a kan The Godfather na 1972 shi ne na gaba a wurina, ba don fasaha ba, don gaskiya. Yana ba da labari ne kamar wanda har yau abin ke masa ciwo: kamfanin bai so Marlon Brando ba, bai so Al Pacino ba, shi kansa kullum yana jiran a kore shi. Kyanwar da ke cinyar Brando a fitowar farko ba ta cikin rubutu, a harabar wurin ɗauka ya tsince ta ya miƙa masa, gurnaninta kuma ya kusa cinye maganar. Mai son zama darakta zai gane daga nan cewa kaso mai yawa na aikin kare abin da ka yi imani da shi ne a gaban masu kuɗi.

Guillermo del Toro shi ne malamin launi da siffa. A Pan's Labyrinth na 2006 yana nuna yadda ya ware duniyar yarinyar da launuka masu ɗumi da siffofi masu lanƙwasa, ya bar duniyar sojan da shuɗi mai sanyi da miƙaƙƙun layuka, sannan ya nuna inda ɗaya ke kutsawa cikin ɗaya. Yana zuwa a shirye, ba ya ɓata minti. Martin Scorsese da marubuci Paul Schrader sun naɗi nasu a kan Taxi Driver tun 1986, Scorsese yana magana da sauri yana ambaton tsofaffin finafinan da ya ɗauko kowace dabara, sai ka riƙe biro. Sidney Lumet a kan Dog Day Afternoon da Network ya fi kowa bayanin aiki da jarumai da amfanin yin atisaye kafin a kunna kyamara. David Fincher kuwa mutum ne mai tsantseni da baƙar magana, faifan Se7en da na Fight Club kowanne sharhi huɗu ne a kansa.

Ni ba darakta nake son zama ba. Akwai na mai ɗaukar hoto, ko mai tacewa, ko marubuci?

Akwai, sai dai ba su da yawa, kuma sau da yawa sun fi na darakta amfani domin ma'aikaci ba ya da sunan da yake karewa. Ga hoto da haske, nemi Roger Deakins a kan Fargo da kuma 1917, fim ɗin da aka shirya ya zama kamar ɗauka ɗaya ce ba yanka. Ga tacewa da sauti, Walter Murch a kan The Conversation, fim ɗin Coppola na 1974. Coppola ya tafi aikin The Godfather na biyu ya bar masa tulin hotuna, kuma labarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan jimla ɗaya da ma'anarta ke juyewa idan aka sauya kalmar da aka danna. Thelma Schoonmaker tana cikin sharhin Raging Bull, wanda tace shi ya ba ta kyautar Oscar.

Ga rubutu, Robert Towne ya zauna da Fincher a kan Chinatown, ɗaya marubucin fim ɗin, ɗaya masoyinsa mai tambayar da ta dace. In kana son ganin dukkan sassan aiki a kan fim guda, dogayen bugu na The Lord of the Rings da suka fito daga 2002 zuwa 2004 kowanne yana da sharhi huɗu: na darakta da marubuta, na masu tsara kaya da gine-gine, na furodusoshi da masu aikin bayan ɗauka, da na jarumai. Marubuci kuma kada ya tsallake tambaya ta gaba.

Me ya sa ake yawan ambaton sharhin The Limey?

Domin faɗa aka yi a ciki. Steven Soderbergh ya ba da umarnin fim ɗin a 1999, Lem Dobbs ya rubuta, aka zaunar da su gaban makirfo ɗaya, Dobbs kuma ya zo da cikinsa cike. Ƙorafinsa shi ne Soderbergh ya zubar da fitowar da ke bayyana asalin mutanen labarin, sai 'yan jarida suka ce rubutun ba shi da nama. Abin da ya fi ƙona masa rai, akwai wurin da jarumin ya koma cikin wani sito ya yi harbi kyamara ta tsaya a waje ba ta bi shi ba, aka yaba wa darakta a kan wannan hikima, alhali haka yake a rubuce tun farko. Soderbergh bai fusata ba, yana kare kowane yanka da dalilinsa.

Babu inda na san an baje rikicin marubuci da darakta a fili kamar nan, kuma kowannensu yana da hujja. Fim ɗin kansa matsakaici ne a idon wasu. Wannan ma darasi ne: darajar sharhi ba ta bin darajar fim.

Ni dariya kawai nake nema. Wanne zan kunna?

Darakta John Carpenter da jarumi Kurt Russell, a kan The Thing ko Big Trouble in Little China. Tsofaffin abokai ne, Russell yana da wata irin dariya da ke kama mai sauraro, kuma a na biyun sukan manta da fim ɗin ɗungurungum su shiga hirar 'ya'yansu, sai can su tuna. Sannan Ben Affleck a kan Armageddon na 1998, inda ya ce ya tambayi darakta Michael Bay me ya sa koya wa masu haƙar mai zuwa sararin samaniya ya fi sauƙi a kan koya wa 'yan sama jannati haƙa rami, aka ce masa ya rufe baki. Jarumi yana yi wa fim ɗinsa tsiya a faifan da ake sayarwa, ba kullum ake samu ba.

Akwai masu wasa da tsarin kansa. Jaruman This Is Spinal Tap sun yi sharhin a matsayin mawaƙan cikin labarin, suna ƙorafin an ɓata musu suna. Robert Downey Jr. ya ƙi fita daga rawar da ya taka a Tropic Thunder har a ɗakin sharhi. Daraktocin nan 'yan'uwan juna, Coen, sun ƙirƙiro masanin bogi suka rubuta masa ƙarairayi ya karanta a kan Blood Simple da murya irin ta farfesa. Na Arnold Schwarzenegger a kan Total Recall kuwa ya yi suna ne ba da niyya ba: abin da kake gani da idonka shi yake faɗa maka, cikin murna, sai ka ce da makaho yake kallo. Da yawa cikin waɗannan akwai ashar, a kula idan da yara a ɗakin.

Wanne ya fi, sharhin wanda ya yi fim ɗin ko na masani?

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai waƙa ba kullum ya san abin da ya sa ta yi daɗi ba. Darakta yana da labarin abin da ya faru a wurin ɗauka, masani yana da shiri da tazara. Ga tsofaffin finafinai ma babu zaɓi, masu su sun riga mu gidan gaskiya. Michael Jeck ya yi magana ta minti 207 a kan Seven Samurai na Akira Kurosawa bai gundura ba, yana nuna yadda ake jera mutum bakwai a hoto ɗaya kowa da gurbinsa. Christopher Frayling haka yake a kan finafinan kaboyi na Sergio Leone.

Akwai kashi na uku da na fi so a wasu ranaku, wato mutanen da labarin ya faru a kansu. Ɗan sama jannati Jim Lovell da matarsa Marilyn sun yi sharhi a kan Apollo 13, shi yana gyara inda fim ya kauce wa abin da ya auku, ita tana tuna zaman jiran da ta yi a ƙasa. A Goodfellas an haɗa Henry Hill, ɗan dabar da aka yi fim ɗin a kan rayuwarsa, da Edward McDonald, lauyan gwamnatin da ya mayar da shi mai ba da shaida. A tarin The Matrix na 2004 kuma daraktocin sun ƙi magana, suka ba masana falsafa biyu da ke son finafinan layi ɗaya, suka ba 'yan jarida uku da ba su ɗauke su da girma ba ɗayan.

Ta yaya zan gane sharhi maras amfani kafin in ɓata awa biyu?

Ba shi minti goma sha biyar. Idan a cikinsu an ce wane mutumin kirki ne, wance ta yi ƙoƙari, ranar an yi sanyi, ba a faɗi dalilin ko abu ɗaya ba, haka zai tafi har ƙarshe. Sauran alamun su ne shiru mai tsawo domin masu sharhin sun shagala da kallo, da taron mutum shida suna dariyar abin da su kaɗai suka sani. Ka kuma duba lokacin da aka naɗe shi. Wanda aka yi kafin fim ya fito kasuwa talla ne, kowa yana tsoron ɓata wa wani. Wanda aka yi bayan shekara ashirin, lokacin da babu sauran abin tsoro, shi ne ake faɗin gaskiya a ciki, ko da yake a nan ma tunani kan yi wa mutum gyaran fuska, labari kuma kan ƙara kitse da yawan maimaitawa.

Wane tsari zan bi wajen saurare in ina son koyo?

Kada ka taɓa fara kallon fim da sharhi a kunne. Za a tona maka ƙarshen labari tun a minti na biyar, kuma ba za ka san abin da fitowa ta yi maka a zuciya ba balle ka tambayi yadda aka yi ta. Kalla sau ɗaya haka nan, ka rubuta wurare uku ko huɗu da suka kama ka, ka bar kwana ɗaya ko biyu, sannan ka kunna sharhin tare da rubutun ƙasan allo na maganar fim ɗin domin kada zaren labari ya kuɓuce maka. Idan aka yi bayanin wata dabara, tsayar, koma baya, kashe sauti gaba ɗaya, ka kalli wurin kana ƙirga yanka. Sharhin dariya ne kawai ake iya ji ana wani aiki.

Yanzu da aka koma kallo ta intanet, ina ake samun su?

Nan ne matsalar take. Yawancin manhajojin kallo fim kawai suke ba ka, sharhin ya tsaya a faifai. Criterion Channel, da aka buɗe a 2019, yana ɗora da yawa daga nasa, amma ba a kowace ƙasa yake aiki ba. Wasu finafinan da ake saye a shagon Apple suna zuwa da shi a cikin ƙarin kaya. Kamfanoni irin su Criterion da Arrow da Kino Lorber har yanzu suna naɗar sababbi a kan Blu-ray. Kafin ka sayi faifai ka karanta bayan kwalinsa, domin fim ɗaya kan fito sau biyar, sharhin yana kan bugu ɗaya tak. Na Sturges da na ambata a sama, misali, a laserdisc ya fito. Ka kuma duba lambar yanki, domin faifan da aka yi wa wata nahiya yana iya ƙin buɗewa a na'urar wata.

A na'urar faifai, maɓallin Audio ne ke sauya layin sauti. A manhajar VLC ta kwamfuta, harafin B yana yin wannan aikin. Darakta Rian Johnson ya bi wata hanya: ya saki sharhin Looper da na Knives Out a matsayin sauti da ake saukewa a waya tun finafinan suna sinima, mutum ya koma kallo na biyu da abin ji a kunne.

Na sami sharhin daban, fim ɗin daban, amma suna saɓawa. Me ke faruwa?

Ɗaya cikin biyu ne. Ko dai bugun ya bambanta, wato an yi sharhin a kan wanda aka nuna a sinima kai kuma kana da dogon bugun darakta, ko kuwa gudun hoton ne. Ana ɗaukar fim da hoto 24 a daƙiƙa, amma faifan DVD na tsarin PAL, irin na Turai, yana tafiya da 25, wato ya fi sauri da kusan kashi 4 cikin 100. A fim na awa biyu wannan ya kai kusan minti biyar. Idan tazarar tana ƙaruwa a hankali, gudu ne, sai ka daidaita saurin ɗaya daga cikinsu. Idan komai yana tafiya daidai sai kwatsam ya goce, bugu ne, sai ka nemi wanda ya dace.

Na nema na gaji ban sami na Steven Spielberg ba. Ina yake?

Babu shi. Spielberg ba ya yin sharhin murya a kan finafinansa, ya fi yarda a yi hira da shi a shirin bayan fage. David Lynch ma bai yi ba har ya rasu a 2025, shi a ganinsa bayani yana kashe abin da fim ke yi wa mai kallo, har ya sa aka fitar da faifan Mulholland Drive ba tare da rabe-raben babi da ake tsallakawa ba. Nolan ya yi a kan finafinansa uku na farko, Following da Memento da Insomnia, daga nan ya daina.